Hakimi da Tsoffin Wuraren Tsafin Manoma

Jawabin da aka yi wa hakimai da malamansu a Kaduna

 

Maganar yau a kan waɗansu wurare ce da ke cikin kusan ko wace gunduma ta ƙasar nan, amma ba safai a ke ambatonsu a majalisa ba. A wani gari dutse ne, a wani gari tsohuwar tsamiya ce ko kuka, a wani kuwa gurbi ne mai zurfi cikin gulbi. Tsofaffi sun san su, yara suna tsoronsu, malamai kuwa su kan kau da kai in sun zo wucewa. Su ne wuraren da mutanen dauri su ke zuwa su yi yanka kafin shuka, ko kafin a ci sabon amfani, ko kafin a shiga ruwa kamun kifi. Musulunci ya zo ya kawar da yankan a yawancin ƙasa. Amma wuraren suna nan, kuma tare da su akwai tarihi, akwai ƙa'idodi na ruwa da na fadama waɗanda ba a taɓa rubutawa ba. Abin da a ke so a nuna shi ne, tsare waɗannan wurare da rubuta labarinsu aikin hakimi ne da malaminsa, kuma yin haka bai taɓa imanin kowa ba.

DUTSEN DALA

A fara da wanda kowa ya sani, watau Dutsen Dala na Kano. Littafin Tarihin Kano, wanda aka tsara da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, ya ba da labarin Barbushe, babban matsafin mutanen Dala, da abin bautarsu Tsumburbura. Wurin tsafin wata itaciya ce da aka kewaye da ganuwa, ba mai shiga sai Barbushe kaɗai. In lokaci ya yi, jama'a su kan taru daga gabas da yamma, kudu da arewa, suna ɗauke da baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru. Barbushe ya shiga, in ya fito ya faɗa musu abin da zai auku a shekarar. Ga manomi kuwa labarin shekara ba wani abu ba ne illa labarin damina: ko za ta yi kyau, ko za a yi fari, ko fara za ta sauka.

Littafin ya faɗi yadda abin ya ƙare daki-daki. Sarki Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343, shi ya rushe ganuwar. A zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali, aka gina masallaci a gindin itaciyar. A zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka sare ta ɗungum. To, a lura da abu guda. Wanda ya rubuta wannan labari malami ne Musulmi. Bai ɓoye sunan Barbushe ba, bai ƙi faɗin irin dabbobin da a ke yankawa ba. Da ya ce wannan zancen arna ne ya bar shi, da yau ba wanda zai san mafarin Kano.

Irin wannan al'ada ba a Kano kaɗai ta tsaya ba. Maguzawan ƙasar Katsina da Aznan ƙasar Maraɗi sun san buɗar dawa, inda a ke taruwa bayan kaka a dubi shekara mai zuwa, kafin a ba maharba izinin shiga daji. Sun kuma san shan kabewa, wanda a cikinsa masu al'adar ba su taɓa sabuwar kabewa sai ranar da aka yanka. Duk abu ɗaya ne: akwai lokacin hani, akwai ranar buɗewa, akwai wanda buɗewar ke hannunsa.

RUWA DA SHINKAFA A ƘASAR KABI

Inda wannan tsari ya fi fitowa fili shi ne ƙasar Kabi, gama can rayuwa duka ta rataya ne a kan gulbi. Gulbin Sakkwato da na Rima sun haɗu, sun gangara ta Argungu da Birnin Kabi har su faɗa Kwara, suna shimfiɗa fadama mai faɗin gaske. Shinkafar da Kabawa suka gada, watau jar shinkafa, ba baƙuwa ba ce. Irin Afirka ne, wanda aka fara nomawa a fadamun Kwara na ƙasar Mali ta yau, har an tono ƙwayoyinta a kufan tsohon garin Jenne waɗanda suka kai shekara 2,000 a ƙasa. Ita farar shinkafa ce ta zo daga Asiya daga baya.

Noman fadamar nan yana da tsarinsa. Da rani a ke kaftu. In ruwan farko ya sauka sai a yafa iri, domin shuka ta kafu kafin gulbi ya kawo. Sa'ad da ruwa ya malalo, shinkafar ta riƙa tsawo tana bin sa, kanta kullum a sama. In ruwa ya ja baya, wajen Nuwamba zuwa Disamba, sai a yi yanka, wani lokaci ma cikin kwalekwale. A cikin wannan ruwa da ya rufe gonaki ne kifi ke yin ƙwai, 'ya'yansa su girma. Da ruwa ya janye sai kifin ya koma gurabe masu zurfi. Bayan an kwashe shinkafa kuma shanun Filani su shigo kiwo. Ashe fili guda ne, amma mutum uku ke ci a cikinsa: manomi, da masunci, da makiyayi. In ɗaya ya riga lokacinsa, ya ɓata wa biyu.

Tun zamanin Muhammadu Kanta, wanda ya ƙwace Kabi daga hannun Songhai a farkon ƙarni na 16 ya gina birnin Surame, Kabawa sun shahara da sanin ruwa. Suna da gyaran ruwa, watau Sarkin Ruwa da mutanensa su shiga gulbi su yi abin da suka gada na neman kariya daga kada da sauran miyagun ruwa. Suna da fashin ruwa, watau ranar da a ke buɗe kamun kifi, wadda kafin ta ba mai jefa koma a wuraren da aka hana. Suna da gyaran gari, na neman lafiya da amfanin gona. Daga cikin waɗannan ne bikin kamun kifi na Argungu ya tsiro. A 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, bayan gabar da aka daɗe ana yi tsakanin Sakkwato da Kabi, sai Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya sa aka yi masa babban kamun kifi don girmamawa. A 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Bikin ya tsaya a kan hani ne: gurbin Matan Fada a rufe ya ke, sai ranar da Sarkin Ruwa ya ba da izini, sa'an nan dubban masunta su faɗa da koma da gora.

ABIN DA HANIN YA KE TSAREWA

Mai hankali in ya dubi waɗannan al'adu zai ga abu biyu ne a cakuɗe. Akwai yanka da kiran iskoki, wannan kuwa ba ya sa ruwa ya sauka, ba ya hana kada kamu. Akwai kuma hani da buɗewa, wannan kuwa doka ce mai amfani, wadda aka sa wa rigar tsoro domin a lokacin ba ɗan doka, ba takarda. Da ba a rufe gurbi ba, da an kame kifi tun yana ƙarami, da giwar ruwa ba ta kai girman da a ke fariya da shi ba. Da ba a hana shanu shiga fadama sai bayan yanka ba, da ko wace kaka sai an zub da jini. Da ba a hana sare kurmin tsafi ba, da idon ruwan da ke ƙarƙashinsa ya ƙafe tuntuni.

Hatsarin shi ne, in tsoro ya tafi, dokar ta kan bi shi, in ba a sami wanda ya riƙe ta da wata hujja ba. Saurayin da ya yi karatu ya san ba aljani a gurbi, sai ya zuba maganin ƙwari a ruwa ya kwashe kifi babba da yaro dare ɗaya. Ya kuɓuta daga camfi, amma ya kashe abincin garinsu. Wanda zai gaya masa cewa hanin yana nan, ba don iska ba sai don jama'a, shi ne hakimi.

Ba kuma talaka kaɗai ke manta wannan ilmi ba. A 1978 aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara. Ta ba da ruwan noman rani a inda aka nufa, amma ambaliyar da ta saba malala fadamun da ke ƙasa da ita ta ragu. Gonakin shinkafa da yawa suka koma na gero da dawa, kifi ya yi ƙaranci. Tsofaffin fadama sun san ko wace gona da watan da ruwa ke isa gare ta, sai dai saninsu a ka ya ke, ba ya cikin kundin da mai awo zai buɗe.

YADDA JAPAN TA YI DA NATA

Akwai wata ƙasa mai nisa da ta kamata a duba, domin ita ma a kan shinkafa ta ginu, watau Japan. Addininsu na gargajiya sunansa Shinto, kuma yawancin bukukuwansa na shuka ne da girbi. A birnin Kiyoto akwai wurin bauta da a ke kira Fushimi Inari, wanda aka kafa a shekara ta 711 domin Inari, abin bautarsu na shinkafa. A ƙofarsa akwai siffofin yanyawa, wata da mabuɗin rumbu a baki, wata da zangarniyar shinkafa. Wurin yana da 'yar gonarsa, ana bikin dashe a watan Yuni, ana bikin yanka da kaka. Ranar 23 ga Nuwamba kuwa Sarkin Japan da kansa ke miƙa sabuwar shinkafa ya ɗanɗana, kuma a da mutane su kan dakata da cin sabuwa sai bayan wannan rana. Wanda ya san shan kabewa ba zai yi mamaki ba.

Ba a kawo wannan misali don a yi koyi da bautarsu ba. An kawo shi ne sabo da abu biyu. Na farko, a shekara ta 927 magatakardan fadar Japan suka gama wani kundi mai suna Engishiki, suka jera wuraren bauta 2,861 a cikinsa, lardi-lardi, gunduma-gunduma. Yau fiye da shekara 1,000 ke nan, amma mai bincike ya kan ɗauki kundin ya tafi ƙauye ya nemi wurin, ya gane inda mutane suka zauna, da inda suka yi noma. Na biyu, a babban wurin bautarsu na Ise, a kan rushe ginin katako a sake shi sabo duk shekara 20. An fara a shekara ta 690, an yi na 62 a 2013. Ta haka sassaƙan kakanni bai ɓace ba, gama wanda ya yi yaron aiki a wannan karo shi ne gwani a karo na gaba. Japan kuwa ƙasa ce ta masana'antu da jiragen ƙasa masu gudun tsiya. Tsare tsohon abu bai hana ta ci gaba ba.

MAGANAR ADDINI

Lalle wani hakimi zai ce, yaya Musulmi zai tsare wurin tsafi, alhali Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wa'azi ya yi rubutu a kan haramcin yanka ga itatuwa da duwatsu? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuwa a bayyane ta ke. Abin da Shehu ya hana shi ne bauta. Ba a ce kowa ya yi yanka ba, ba a ce a raya tsafin da ya mutu ba. Amma sanin labarin abu daban, bauta masa daban. Hishamu ɗan Kalbi, malami ne na farkon zamanin Abbasiyawa, ya rubuta littafi sukutum a kan gumakan Larabawan Jahiliyya, sunayensu da wurarensu da kabilun da ke bauta musu, malamai kuma suna amfani da shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Infakul Maisuri, ya kawo labarin Kanta da na ƙasashen Hausa kafin Jihadi. Malamin hakimi da ya rubuta labarin tsamiyar garinsu yana bin sawun waɗannan ne.

Akwai kuma inda har yanzu wurin yana da masu shi, ko Maguzawa, ko Gwari, ko wata kabila. Su ma talakawan hakimi ne, tsarin mulkin Nijeriya na 1999 kuma ya ba kowa 'yancin addininsa. Mai son kiransu zuwa ga Musulunci ya kira su da wa'azi da kyakkyawan hali. Amma a tura samari da gatari cikin dare, wannan fitina ce, kuma ita fitina in ta tashi a kan hakimi ta ke kwana.

HASARAR DA A KE GUDU

Abu uku ke cin waɗannan wurare. Na farko gini. Mai zuwa Kano ya ga yadda gidaje suka matse Dala, ya ga yadda aka ci ganuwar birni. Nan Kaduna ma, wadda ta zama hedkwatar Arewa a 1917 a ƙasar da Gwari ke zaune, an gine bakin kogi inda a da fadama ce, sa'an nan a 2003 da 2012 kogin ya tuna hanyarsa, ya shiga ɗakunan mutane. Na biyu masu haƙa. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan mutum na yumɓu da aka tono wajen haƙar kuza a ƙasar Jama'a, wanda wani ya kafa a gonar doya don korar ɓarna. Daga nan aka gano mutanen Nok, waɗanda suka rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Amma a shekarun 1990 dillalai suka sa aka tone kufai a ƙasar Nok da Katsina da Sakkwato, aka fita da kayan zuwa Turai, talaka ya karɓi abin da bai taka kara ya karya ba. Na uku, wanda ya fi duka sauri, mutuwar tsofaffi. Dutse zai jira, amma tsohon da ya san sunansa ba zai jira ba.

Har irin shuka yana cikin wannan lissafi. Jar shinkafar da aka raina tana jure fari da ciyawa da ƙwari fiye da fara. A shekarun 1990 Monty Jones, mutumin Saliyo, ya haɗa ta da ta Asiya ya fid da irin da a ke kira NERICA, har aka ba shi babbar kyautar abinci ta duniya a 2004. Da manoma sun yar da tsohon iri, da bai sami abin haɗawa ba. Da tsohuwar zuma a ke magani.

AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

Doka tana bayan hakimi a wannan aiki. Tun 1953 aka yi dokar kayan tarihi, a 1979 aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, kuma laifi ne a fita da kayan tarihi daga Nijeriya ba da izininta ba. Surame tana ƙarƙashin tsaron gwamnati tun 1964, tsohuwar fadar Argungu kuwa ta zama Gidan Tarihin Kanta tun 1958. Amma hukuma ba ta san abin da ba a gaya mata ba. Ga abin da a ke roƙo:

1. Hakimi ya umurci ko wane dagaci ya kawo sunayen irin waɗannan wurare na ƙasarsa, dutse ne, ko itace, ko gurbi, ko kufai.

2. Malami ya buɗe kundi na musamman. Ya rubuta sunan wuri yadda mutanen garin ke faɗinsa, da inda ya ke, da gidan da ke riƙe da shi, da watan da a ke zuwa, da abin da aka hana, da wanda ke buɗewa. Ya rubuta sunan tsohon da ya ba da labari, da ranar da ya bayar. In tsofaffi biyu sun saɓa, ya rubuta duka biyu, kada ya zaɓa. Kada ya gyara labari don ya yi daɗin ji, kada ya rage don kunya.

3. Hakimi ya zauna da Sarkin Noma da Sarkin Ruwa da Arɗo da limami, a tsai da ranar buɗe ruwa da ranar shigar shanu fadama, a yi shela a kasuwa da masallaci, a sanar da Ƙaramar Hukuma.

4. Kada hakimi ya sa hannu a takardar filin da ya haɗa da irin wannan wuri, ko ya yarda a fasa dutsensa, sai ya kai magana majalisar Sarki.

5. In manomi ya tono tukunya, ko siffa, ko ƙarfe, a bar shi inda ya ke, a aika wa gidan tarihi mafi kusa. Baƙon da ya zo saye a nemi takardarsa.

6. A yi kundin kofe biyu, ɗaya ya zauna a ofishin hakimi, ɗaya a aika fada. Nan arewacin kogin Kaduna akwai inda za a adana irinsa: Gidan Arewa, watau tsohon gidan Sardauna, da Gidan Tarihi na Ƙasa da ke titin Ali Akilu, da Gidan Adana Takardu na Ƙasa.

Ba sai an yi nisa za a fara ba. Turunku, inda Bakwa ta zauna kafin sarautar Zazzau ta koma wajen Kufena, tana nan cikin ƙasar Igabi, tafiyar da ba ta kai yini ba daga wannan zaure. Aikin ba ya cin kuɗi, alƙalami ne da takarda da haƙurin zama gaban tsoho. A fara da wanda ya fi kowa shekaru a gunduma, a kuma fara kafin damina ta faɗi, hanyoyi su yanke.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye ƙasa daga fari da ambaliya, ya ƙara wa sarakuna lafiya da adalci. Amin.